Tekun da Na Ƙi Gamawa

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da samun aiki a Kano ba, na kama ciki da falo a wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi. Da yawanku kuna tambayata yadda aka yi ma'aikaciyar jinya ta tsinci kanta da burushin zane a hannu. Kullum sai in ce muku sha'awa ce kawai. To, ba sha'awa ba ce kawai. Yau bari in ba ku labarin yadda yake, tunda abin ya daɗe da wucewa, kunyarsa ma ta sake ni.

A lokacin aurena bai fi wata takwas da mutuwa ba. Ba faɗa, ba tashin hankali, zama ne ya ƙare. Na koma gidanmu na yi idda, sai na ga idanun dangi sun yi mini yawa. Duk wadda ta shigo sai ta langaɓar da kai ta yi mini sannu kamar wadda aka yi wa rasuwa. Da aikin Kano ya fito, ko waiwaye ban yi ba. Mahaifiyata ba ta so ba, ta dai haƙura ne don gidan hayar na wani aminin mahaifina ne.

Ina gudun surutun mutane, ashe ban san shiru ba. Maƙwabtana duk ma'aikata ne da ɗalibai, da sassafe kowa ya kulle ƙofarsa ya fice, da yamma ya dawo a gajiye ya sake kullewa. Ranar da ba ni da aiki, ina iya kaiwa la'asar ban buɗe baki ba in ba a salla ba. Akwai ranar da mahaifiyata ta kira ni wajen azahar, na ɗauka na yi sallama sai muryar ta fito a dishe, ta ce, "Mura kike yi?" Na ce eh. Ina zan ce mata tun jiya ban yi magana da kowa ba? Har dabara na ƙirƙiro: ba na sayen kayan miya na kwana biyu, kullum sai na fita na sayi na ranar, don kawai in tsaya ciniki da mai tumatir. Bawan Allah yana ganin ni mace ce mai tsananin son ragi, bai san hira nake saye ba.

Ana nan sai wata abokiyar aikina ta ce akwai wata tsohuwa a Tarauni da aka sallama daga asibiti, mai ciwon suga ce, tana da gyambo a ƙafa da ke buƙatar wanki duk bayan kwana biyu. Ita hidimar yara ba za ta bar ta ba, ko zan karɓa? Kafin ta rufe baki na ce na karɓa.

Tsohuwar 'yar Filato ce, Kirista, malamar makaranta da ta yi ritaya. Ta shekara talatin tana koyar da zane a makarantar 'yan mata. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo tana aure a Jos, ita kuma ta ƙi barin ɗan gidan da suka gina da hannunsu. Wata maƙwabciyarta ce ke leƙo ta, ta yi mata shara da cefane. Duk layin Mama suke ce mata, ni ma na bi sahu. Ita kuma tana ce mini Sista.

Mama ba ta son kallon ciwonta. Da na zauna na buɗe bandeji, sai ta ɗauko wani tsohon littafi mai kauri wanda bangonsa ya daɗe da cirewa, ta kafa masa ido har in gama. Rana ta uku ko ta huɗu, ina cikin goge ciwon da auduga, ta juyo da littafin wajena.

"Sista, me kika gani a nan?"

Na ɗaga kai na duba. Zane ne na wani Bature da ya mutu sama da shekara ɗari, sunansa ma har yau harshena bai iya shi ba. Bakin teku ne. Sama ta cinye fiye da rabin shafin, ƙasa kuma yashi ne da mutane bakwai: mata cikin manyan riguna, wasu a zaune kan kujeru da lema, wasu a tsaye, namiji ɗaya cikin baƙaƙen kaya, sai wani ɗan kare. Can nesa jiragen ruwa biyu.

Na ce, "Ruwa ne da mutane, Mama."

"Ruwan wane launi ne?"

"Shuɗi."

"Ƙarya kike yi. Ba ki duba ba, kin dai faɗi abin da aka gaya miki tun kina firamare. Sake dubawa."

Na ji haushi kaɗan, amma na sake dubawa. Wallahi babu shuɗi a ruwan nan sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ruwan toka ne, da kore mai duhu, da fari, har da wani ja-ja a inda ya haɗu da sama. Na tsaya da auduga a hannu ina kallo kamar wadda aka yi wa rufa-ido. Mama ta yi dariya ta ce, "Gama mini wankin ƙafa tukuna, iska na shiga."

Wata biyu ina zuwa. Ciwon ya cike, fata ta rufe. Ranar ƙarshe na duba na ga babu sauran abin wankewa, na gaya mata. Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ni kuwa na shiga haɗa kayana a hankali, ina naɗe abin da ba ya buƙatar naɗi. Tana kallona. Can ta ce in shiga ɗaki in jawo mata wani kwali a ƙarƙashin gado.

Fentin mai ne a ciki, cikin 'yan tulun gwangwani masu kama da na man goge baki, wasu an matse rabi, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Ga burushi manya da ƙanana ɗaure da kyauro.

Ta ce, "Hannuna ya fara rawa, idona ya fara gajiya. Kayan nan ko dai su bushe a kwali, ko su ƙare a hannun wani. Ki zo ki kwaikwayi tekun nan. Mu haka aka koya mana, ka bi sawun wanda ya iya har ƙafarka ta san hanya."

Na ce, "Mama, ni ko da'ira ban iya zanawa ba. Kuma ban taɓa ganin teku ba. Babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Tiga."

"Mai ɗinke fatar mutum ce za ta ce ba ta da hannu? Ki zo. Ranar da kika gama wannan zanen, kin kama hanya, ba kya buƙatata kuma."

Wannan magana ta ƙarshe ta faɗe ta ne kawai ta wuce. Ni ce na ɗauke ta na adana.

Na ɗan yi jim a kan batun mutanen da ke ciki, don na taso ina jin maganar zanen abu mai rai. Na yi tambaya, wani ya ce kaza, wani ya ce kaza. Da na kawo wa Mama damuwata, ba ta yi musu da ni ba, sai ta ce in matso da littafin kusa da idona. Babu mai fuska a cikinsu. Ba ido, ba hanci, ba baki, ɗigon fenti ne kawai a ƙarƙashin hula. Da wannan na samu natsuwa na fara.

Talata da Asabar bayan la'asar, in aiki bai hana ba, sai in tari adaidaita zuwa Tarauni. A barandarta muke zama. Kafintan layin ya haɗa mana katako mai kusurwa huɗu, muka ja farin yadi mai kauri a kai muka buga ƙusa, muka shafe shi da farin fenti. Gilashin tsohuwar taga shi ne farantin haɗa launi. Kananzir a gwangwanin madara shi ne na wanke burushi da tsinka fenti. A mako na biyu na tarar ta sa an sayo sabuwar buta da 'yar darduma, ta ajiye su a kusurwar falo. In magariba ta yi, sai ta ce, "Sista, an kira ku," ta rage rediyonta.

Abu na farko da fentin mai ya koya mini shi ne ba ya son gaggawa, ni kuwa a wurin aiki da gaggawa aka horar da ni. Sai ka fara shafa siriri, ka bar shi kwanaki ya sha iska, sannan ka ɗora mai kauri. Ranar da na yi sama, na ga ta yi kyau, ban jira ba na ɗebo fari zan sa gajimare. Nan take komai ya cakuɗe ya koma kamar kunun kanwa. Na ce, "Innalillahi!" Mama ko gezau. Ta miƙo mini 'yar wuƙa marar kaifi ta ce, "Kankare. Shi fentin mai yana da yafiya, amma sai kin ba shi lokaci. Zo mu ci gwate."

Gwaten acca take dafawa da yakuwa da gauta, wai shi ne suga bai hana ta ba. Ranar farko na ci ne don kara, daga baya ni ke tambaya ko akwai saura. Muna ci tana ba ni labarin ɗalibanta, da mijinta da bai taɓa gane me take gani a zane ba amma bai taɓa fasa sayo mata fenti ba, da zuwanta Legas sau ɗaya tak, inda igiyar ruwa ta ɗauke mata takalmi ƙafa ɗaya ta dawo masauki tana ɗingishi. Ni ma na tsinci kaina ina gaya mata abubuwan da ko mahaifiyata ban gaya wa ba. Ba ta taɓa ce mini sannu da wannan muryar ta jaje ba. Iyakarta ta ce, "Hmm. Sai kuma aka yi yaya?"

Tekuna na farko ya fito kamar ruwan bula da aka yi shuɗin kaya da shi, duk da wa'azin da aka yi mini. Na biyu ya yi kama da kududdufin bayan gari. Sai a na uku ya fara motsi. Warin kananzir kuwa ya kama duk mayafaina, har wata a wurin aiki ta ja ni gefe ta tambaye ni a asirce ko sana'arsa na fara.

Mutanen su suka fi ba ni wuya. Matata ta farko ta fito kamar buhun gawayi da aka ɗora wa lema. Namijin ya zama turmi. Karen kuwa, Mama ta kai hancinta kusa da shi ta daɗe, sannan ta ce, "Wannan akuyar ta wace ce?" Ta ce kuskurena shi ne ina ƙoƙarin zana mutum. "Manta da mutum. Ina haske ya faɗa a rigarta? Sa fari a nan. Ina inuwa? Sa duhu a nan. Ki bar su, su za su haɗa mutum da kansu." Na yi yadda ta ce ba don na yarda ba. Shafa uku, huɗu, na ja da baya, sai ga mace a zaune iska na kaɗa mata gefen riga. Na yi ihu har maƙwabciya ta leƙo.

Wajen wata na huɗu, wata Asabar, Mama ta duba aikin ta ce, "Saura mutum uku. Mako biyu kin gama."

Na ce, "To, alhamdulillahi." Amma a adaidaita, hanyar komawa gida, na tuna maganar nan tata da na adana. Na buɗe ɗakina, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kujera ɗaya da kofi ɗaya a kan tebur. Mako biyu, sannan in koma ciniki da mai tumatir.

Ran Talata, da Mama ta shiga kicin duba tukunya, na jiƙa tsumma da kananzir na goge wata mata mai rawayar riga da na zana, wadda ta fi kowa kyau a duk abin da na yi. Da ta fito na ce, "Mama, ba ta yi mini ba, na goge."

Ta ce, "To, sake."

Haka na yi ta yi kusan wata uku. Yau in goge mai lema, jibi in ce gajimaren ya karkace, in taɓa shi in ɓata, sai an jira mako guda ya bushe. Mace mai shekara talatin da huɗu, mai takardar shaidar aiki, ta koma kamar 'yar da ke ɓoye takalmin baƙuwa don kada ta tafi. Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu shi ne ban taɓa tunanin in buɗe baki in ce, Mama, ko na gama zan ci gaba da zuwa ba. Girman kai ne ko tsoro, ban sani ba. Gani nake in babu dalili a hannuna, na zama kaya.

Ga kuma inda ba na yi wa kaina dariya. A cikin watannin nan ina ganin idon Mama yana tafiya. Na ga ta zuba shayi a gefen kofi. Na ga tana lalube kafin ta kama marfin ƙofa. Sau biyu ta miƙo mini sirinjin allurar sugarta ta ce in duba mata lambar, wai gilashinta ya yi datti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san ma'anar wannan sarai. Da a asibiti ne, da tuni na kira dangin majinyaci na ce kada a sake barin ta ita kaɗai. Amma na duba mata lambar, na goge mata gilashin, na koma kan tekuna.

Wata Asabar na iso na tarar da mota a ƙofar gida. A baranda wata mata ce sa'ata a tsaye, kamarsu ɗaya da Mama. Muka gaisa.

Ta ce, "Ke ce Sista? Ke ce ɗalibar?"

Na ce ni ce. Ta ce ita ce 'yar Mama, jiya ta taho daga Jos. Ranar Alhamis da hantsi maƙwabciya ta shigo ta tarar da Mama a kwance a ƙasan kicin, jiki duk gumi, ba ta san inda take ba. Ashe Mama ta zuƙi maganin allura fiye da ƙima don ba ta ganin layukan sirinjin, suga ya faɗi. Allah Ya sa an kai ta asibiti da wuri. Da ta farfaɗo ta hana a kira ni, wai ina wurin aiki.

Na zauna a kan kujerar da nake zane.

Matar ta zauna kusa da ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sista, tun Kirsimeti nake roƙon ta ta dawo wurina. Na gyara mata ɗaki. Ta ce ba za ta bar ɗaliba a tsakiyar aiki ba, sai kin gama zanenki. Duk wata in na kira, sai ta ce saura kaɗan. Ni ban san zane ba, amma wane irin zane ne wannan da ba ya ƙarewa?" Ta kama hannuna. "Don girman Allah ki gama shi. Ita kaɗai ta rage mini."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na shiga ɗaki. Mama na kishingiɗe, ta rame a kwana biyu kawai. Na durƙusa a gefen gadon, ban ma gaishe ta da jiki yadda ya kamata ba, na ce, "Mama, ki yafe mini. Da gangan nake gogewa. Tun wata uku da suka wuce ya kamata in gama."

Ta ce, "Na sani."

Na ɗago kai.

"Idona ne ya mutu, hancina lafiyarsa ƙalau. Da na ba da baya sai in ji warin kananzir ya tashi. Shekara talatin ina fama da 'yan mata, ke ce za ki yi mini wayo?"

"To me ya hana ki magana?"

"In yi magana ki gama, in kin gama a zo a kwashe ni? Kin ɗauka ke kaɗai ce marar abokin hira a garin Kano?"

Dariya ta kuɓuce mana tare, tawa ta juye ta zama kuka. Ta bar ni na yi mai isata, tana ɗan bubbuga bayana. Sannan ta gyara murya, irin muryar da na tabbata da ita take tsawata wa aji.

"Yanzu share hawayenki. Ba ɗalibata nake tambaya ba, Sista nake tambaya. Zan iya ci gaba da zama ni kaɗai a gidan nan?"

Na sha gaya wa mutane labari marar daɗi a wurin aiki, amma babu wanda ya kai na ranar wuyar faɗa. Na ce, "A'a, Mama. Ba za ki iya ba. Tun tuni ma bai kamata ba."

Ta gyaɗa kai. "To. Je ki ɗauko burushinki."

'Yarta ta ɗauki hutun mako biyu don haɗa kaya. Ni ma na roƙi abokan aiki muka yi musanyen ranaku. Kullum da safe ina Tarauni. A cikin gida ana ɗaure kwalaye, ana fitar da kujeru ana raba wa maƙwabta, mu kuma muna baranda. Mama ba ta iya ganin abin da nake yi daga inda take zaune, don haka sai in riƙa faɗa mata.

"Yanzu ina sa fari a kafaɗar mai rawayar riga."

"Kar ki cika. Taɓa sau ɗaya ki ɗauke hannu."

"Na taɓa."

"Kin ƙara. Na ji ƙarar burushin sau biyu."

Mutum ukun da suka gagare ni wata uku, kwana tara suka ɗauke ni. Ranar da na ajiye burushi ban ce komai ba, ita ce ta ji shirun ta ce, "Kin gama ke nan." Muka fito da shi inda rana take. Ta tsaya, 'yarta na riƙe da ita, ta kai fuskarta dab da yadin har na ji tsoron hancinta zai kwashi fenti. Ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan a hankali, kamar mai karanta wasiƙa. Ta daɗe.

"Karen nan naki har yanzu akuya ne," in ji ta. "Amma akwai iska a wurin nan. Ina jin ta. Sa hannunki a ƙasa."

Na ce nata ne, ta tafi da shi. Ta ce, "Bai bushe ba, zai ɓata wa mutane kujerar mota. Kuma me makauniya za ta yi da shi? Ki rataye inda za ki riƙa ganin kurakuranki." Ta haɗa mini da kwalin fentin da littafin.

Ran Asabar da safe suka tafi. Na riƙe mata ƙofar mota, na gyara mata ƙafar nan da na yi wata biyu ina wankewa. Ba ta ce Sista ba, ta ce, "'Yata, ki riƙa cin abinci." Motar ta fita daga layin. Maƙwabciya ta sa kwaɗo a ƙofar gidan, ta yi mini sallama ta shige nata.

Na tari adaidaita, na zauna na ɗora zanen a kan cinya a kwance, na riƙe shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da farantin ƙwai. Direban ya yi ta leƙe ta madubi, can ya kasa haƙuri ya ce, "Hajiya, nan wace ƙasa ce?"

Na ce, "Wallahi ban taɓa zuwa ba."

Zan so in ce muku daga nan rayuwata ta cika da mutane, amma ba haka aka yi ba. Shirun ya dawo, har ya fi na da ciwo, don yanzu na san abin da na rasa. Talata bayan la'asar sai in ga na yafa mayafi na ɗauki jaka, sannan in tuna. Sau ɗaya ma har na je. Na tarar sababbin 'yan haya sun ɗaura igiya a barandar sun shanya kayan yara. Ban sauka ba, na ce wa mai adaidaita ya juya.

Muna waya duk Lahadi in ta dawo daga coci. Tambayarta ta farko kullum ita ce me na zana a makon, don haka dole na ci gaba, ko don in samu abin faɗa. Na zana rumfar mai shayi, na zana layin adaidaita a bakin titi, ina kwatanta mata ta waya tana gyara mini launin da ba ta gani. A hankali hirar ta riƙa gajarta, tana saurin gajiya. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi, wata ranar Laraba, 'yarta ce ta kira. Na je Jos na yi musu gaisuwar rasuwa, na kwana biyu na dawo.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da ina ɗauka kaɗaici abin tausayi ne kawai, mai shi ba ya cutar da kowa sai kansa. Ashe yana iya sa mutum son kai, kuma ya yi wa son kan ado har ya ɗauka ƙauna ce. Ina son Mama, wannan babu shakka. Amma na ga haɗari da idona na kawar da kai, don kada a ɗauke mini Talata da Asabar. Da maƙwabciyar nan ta makara da awa ɗaya, da yau wani labarin nake ba ku, ko kuma ba zan iya ba da shi ba sam. Ita ma Mama ta yi nata ɓoyon, amma ita tsohuwa ce marar lafiya, ni ce mai farin kayan asibiti.

Abu ɗaya ya canja a aikina tun daga lokacin. In za a sallami dattijo ko dattijuwa, bayan na gama bayanin magani da ranar dawowa, ina ƙara tambaya ɗaya da babu ita a takarda: a gida da wa kake hira? Wasu su yi dariya su lissafo jikoki. Wasu su kalli ƙasa.

Makon jiya na yi wa wani dattijo wannan tambayar, ɗansa na waje yana neman abin hawa. Ya yi tunani sosai, kamar mai son ba ni amsar gaskiya, sannan ya ce, "Da rediyo, 'yar nan."

Akwai majinyata huɗu suna jirana. Na jawo kujera na zauna, na ce, "To Baba, yau me rediyon ya ce?"